Shanun Huɗa Biyu a Kan Bindigar Baba

Ranar ɗaurin auren ƙanwarku Rabi ina kallon fuskar Sanusi lokacin da taubashina Ɗanlami ya ɗaga murya a tsakiyar taro ya ce, "Ina Alhaji Ci-taɓo? A matsa masa ya zauna." Jama'a suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Shi kuwa Sanusi, babbanku, sai ya murtuke fuska ya tashi ya bar rumfar. Da yamma ya same ni a zaure yana huci, wai har yaushe zan bari ana kirana da wannan suna a gaban surukai. Na ce masa ya bari biki ya watse. Biki ya watse, na ga bakina ba zai iya ɗaukar zancen ba, shi ya sa nake rubuta muku shi. Dukanku kun taso kun tarar da labari iri ɗaya: wai ubanku ya faɗi a bakin tafki da bindigar kakanku, bakinta ya cika da taɓo, ya harba bai duba ba, ta kumbura, ya sayar da shanun huɗarsa ya gyara ta, gida ya sha yunwa. Sayar da shanu gaskiya ne, yunwar ma gaskiya ce. Taɓon kuwa ni na ƙirƙire shi da bakina, kuma da za a mayar da ni wannan shekara sai na sake ƙirƙirarsa.

Kakanku Mati, wanda yawancinku ba ku riske shi ba, shi ne Sarkin Bakan yankinmu, tun daga bayan Ƙarfi har gefen Dayi. Da ƙuruciyarsa ya yi wa wani Bature mai sayen auduga a Funtuwa jagora a daji. Baturen nan ba ya bambanta sawun gada da na akuya, amma yana da bindigar da ba a taɓa ganin irinta ba a ƙasarmu. Baki biyu gare ta, ƙotarta ta wani ice mai duhu mai santsi, an zana ganyaye da tsuntsaye a jikin ƙarfenta, in ka karya ta ka sa harsashi ka mayar sai ka ji ta rufe da wata 'yar ƙara mai daɗin ji. Ko a lokacin tsohuwa ce, domin ta uban Baturen ce. Da zai koma ƙasarsu ya kai Baba gaban hukuma aka mayar da lasisinta da sunansa. Baba ya raɗa mata suna Tagwaye, bututun dama Hassana, na hagu Usaina. Mu 'ya'yansa mun sha faɗa a tsakaninmu cewa da gobara za ta tashi a gidanmu, Tagwaye zai fara fitarwa kafin ya tambayi inda muke.

Sai kun san yadda mafarautanmu ke riƙe bindiga sannan za ku gane abin da ya faru. Harba-ka-ruga kowa ke da ita, wadda maƙeri ke ƙerawa a ɗura mata albarushi ta baki, kuma irin wannan ba a yarda a bar ta haka nan. Ɗanyar fata ake samowa a jiƙa ta da ruwan gishiri, a ɗinke bututun da ita tana jiƙe. In ta bushe sai ta matse ƙarfen gam, ko ya so fashewa ta riƙe shi. A ƙarƙashin fatar ake cusa laya. A idon mafarauci, bindigar da ba fata kamar dattijo ne ya fito ba riga. Saboda haka Tagwaye na shigowa gidanmu Baba ya nemo fatar maraƙi mafi kyau, ya kira baduku ya ɗinke ta tun daga kusa da ƙota har dab da baki. In fatar ta tsufa ba a cire ta, domin ba a tone laya, sai dai a ɗora sabuwa a kanta. Kowace bazara kuma ya jiƙa saƙe-saƙi a ƙwarya ya yayyafa mata, wai tana shan magani. Duk baƙon da ya zo gidanmu sai an ɗauko masa ita ya gani, kuma maganar Baba ba ta canzawa.

"Bature ya ba ni ita tsirara. Ni na yi mata sutura."

Kowace shekara in an gama kaka, an kai dammuna rumbu, akan yi buɗar dawa. Mafarauta Musulmi da Maguzawa su taru da sassafe a gindin wata tsamiya a bakin daji. Mutanen Nomau, aminin Baba, wani Bamaguje da suka yi farauta tare tun suna samari, su yi nasu irin na gado, mu mu yi addu'a. Sannan Sarkin Baka ya ɗaga bindiga sama ya harba baki biyu, ɗaya bayan ɗaya. Kafin wannan harbi ko zomo ba wanda ya isa ya taɓa. A shekarar da nake ba ku labari, wadda aka haifi Sanusi a cikinta, yanar tsufa ta riga ta rufe idon Baba, sai dai ya gane mutum da murya ko da takunsa. Ya daina bin sawu, ya daina zuwa gona. Abin da ya rage masa a duniya shi ne wannan safiya ɗaya a shekara. Akwai kuma wani mafarauci, Barau, da mutanensa, da suka fara raɗe-raɗin cewa makaho ba ya buɗe daji, ya kamata sarauta ta koma gidansu.

Ni ke goge wa Baba bindigar a lokacin. Wata rana da hantsi cikin bazara ina tura tsumma da sanda a cikin Usaina, sai na ji ya ɗan maƙale a wani wuri. Na ɗaga bututun ga rana na leƙa, na hangi wani ɗigo baƙi da ban san shi ba. Raina bai kwanta ba. Na ɗauko aska na ɗan warware ɗinkin fatar ta ƙasa inda ba za a lura ba. Abin da ya zubo mini a tafin hannu jan gari ne, tsatsa zalla. Ƙarfen da ke ƙarƙashi ya yi ramuka kamar fuskar wanda ya yi agana. Na tsinko ƙayar aduwa na sa a rami ɗaya, ta shige fiye da yadda nake fata. Gishiri da ruwan magani na shekara da shekaru sun zauna a ƙarƙashin fatar suna cin ƙarfen, kuma daidai wurin da hannun hagun mai harbi ke riƙewa. Na taɓa ganin mafaraucin da bindiga ta fashe wa a hannu, sai da hagu yake gaisawa yana roƙon gafara, domin abin da ya rage masa na dama ba ya riƙe ko cokali.

Za ku ce me ya hana in je in gaya masa. Ba ku san kakanku ba ne. Da na ce masa Tagwaye ta ruɓe, cewa zai yi akwai laya a ƙarƙashi, ya sa harsashi ya harba a gabana don ya nuna mini ni yaro ne. In kuwa ya yarda, to wannan ya fi muni. Kafin kasuwa ta ci sau biyu ƙasar nan duk ta ji cewa Sarkin Baka, wanda ke koya wa mutane riƙon makami, ya shafe rabin rayuwarsa yana yi wa tsatsa ban ruwa yana kuma alfahari da hakan. Su Barau abin da suke jira ke nan, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hannun ubana nake so ya tsira, kuma sunansa ma nake so ya tsira, na rasa yadda zan haɗa biyun.

Na ce wa Baba zan kai ta Malumfashi a sabunta lasisi. Na raba ta biyu na naɗe a tabarma, na sa takardarta a aljihu, na hau mota a Dayi sai Kano. An kwatanta mini wani dattijo, Malam Sule, wanda ya koyi gyaran bindiga a kantin Turawa tun yana saurayi, kuma yana da izinin hukuma. Ya shimfiɗa ta a kan benci, ya sa wuƙa ya farke fatun nan ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai ta ƙarshe sai ya yi salati.

"Wane ne ya yi mata wannan aika-aika?"

"Mai ƙaunarta ne, Malam," na ce.

Ya dube ni ta saman tabarau, ya sake duban ɗinkin.

"Ai na gani. Maƙiyi ba ya irin wannan ɗinki."

Ya rataya bututun da zare ya ƙwanƙwasa su da ɗan ƙarfe. Ya ce mai lafiya kuka yake yi kamar ƙararrawa, waɗannan kuwa ji na yi kamar an bugi tsohuwar garwa. Ya ce ƙota da kunama da sauran kayan cikinta lafiya lau suke, za su kai jikokina, amma Hassana da Usaina sun gama aiki. Gyara ɗaya ne: a aika ƙasar waje a kawo sababbin bututu, ya yanke tsofaffin daga kusa da gindi, ya zura sababbin ya daidaita su har su zama kamar tare aka haife su. Aikin watanni ne. Da ya faɗi kuɗin sai da na ce ya maimaita, na ɗauka kunnena ne.

"Samari, bari in gaya maka gaskiya tsakani da Allah," in ji shi. "Da wannan kuɗi za ka sayi sabuwar bindiga fil, ka ƙara wata, ka yi guzuri ka koma gida. Kuma ko na gyara ta, ranar da ka tashi sayarwa ba za ta mayar maka da rabin abin da ka kashe ba."

"Malam, ba ta sayarwa ba ce. Mai ita ba ya gani, amma in na miƙa masa wata, kafin ya ɗaga ta zai san ba ita ba ce."

"To me kake da shi?"

"Shanun huɗa biyu."

"Ga damina ta ƙarato?"

Na ce masa ya aika a kawo bututun.

Shanun nan, Ɗanfari da Goje, da kuɗin audugata na saye su tun suna maruƙa, ni na hore su, ni na huda musu hanci. Goje in ya ji muryata daga nesa sai ya fara kuka. Da su nake huɗe gonata da ta Baba, in kuma yi wa mutane ƙodago in sami na taki. Hadari ya fara haɗuwa a gabas ranar da na kora su kasuwar Bakori, kuma duk manomin da na gamu da shi a hanya sai ya tsaya ya bi ni da kallo, domin a wannan lokaci saye ake yi, ba wanda ke sayarwa sai wanda masifa ta afka wa. Na haɗa da garmar shanun sannan kuɗin suka kai. Da mai sayen ya ja igiya Goje ya tirje yana waiwayena. Ba zan ɓoye muku ba, na zaga bayan wata rumfa na share hawaye. Washegari na kai wa Malam Sule kuɗinsa, na dawo gida na tarar da Baba a zaure yana jan carbi. Na durƙusa.

"Baba, na yi ɓarna."

"Ta me?"

"Ban kai Tagwaye Malumfashi ba. Kwanan baya na bi agwagwar daji bakin tafki, santsi ya kwashe ni, bakinta ya caki taɓo. Ban duba ba na harba. Duka biyun sun kumbura. Na kai ta Kano, na sayar da shanuna za a sa mata sababbin bututu."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Ku da kuka taso a makaranta ba za ku san nauyin abin da na ɗora wa kaina ba. A wurin mafarauta ba kuskuren da ya kai wannan abin kunya, shi ake fara gargaɗin yaro a kai ranar da aka fara ba shi bindiga. Na zaɓe shi ne da gangan, domin na san in abin kunyar ya yi girma ba wanda zai tsaya bincike.

"Garba," in ji Baba a hankali, "kai ne ɗan Sarkin Baka?"

"Ni ne, Baba."

"Kuma ka ɗauke ta ka kai wa baƙo, ba ka bari ko shafa ta na yi ba."

Ya lalubi butarsa ya tashi ya shige gida. Daga ranar ya daina kiran sunana. In yana son wani abu sai ya ce a gaya wa wancan. Na gaishe shi da safe ya amsa da ka. Wannan ya fi mini rashin shanun ciwo nesa ba kusa ba.

Labari kuwa ya riga ni fita ƙofar gida. Ɗanlami ne ya fara, a bakin masallaci bayan la'asar, ya ce ga Ci-taɓo nan tafe, a ɓoye ƙasar gini kada ya lashe. Taubashi ne, ba ni da bakin magana. Kafin sati ya zagayo har mata a bakin rijiya sun ɗauka. Uwarku Hauwa, Allah ya jiƙanta, tana goye da Sanusi ta tare ni a tsakar gida, idonta jawur.

"Malam, ƙarfen za mu tuƙa mu ci? Ga jariri, ga tsoho, ga ruwa ya sauka, ka kai shanu kasuwa?"

Na ce mata ta yi haƙuri. Ta yi kwanaki ba ta yi mini magana sai ta dole. Wata rana ta kawo mini fura gona, ta zauna a gindin kaɗanya tana kallona ina sha, sai ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba:

"Ni ke yi maka wanki. Tun da aka shiga bazara ban ga taɓo a wandonka ba."

Na ajiye ludayi na dube ta, ta dube ni. Ta ɗauki ƙwaryarta ta gyara goyo ta tafi, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake tayar da zancen ba, ba ta kuma faɗa wa ko uwarta ba. Ta sayar da awakinta, ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli, da shi muka riƙa sayen gishiri da kanwa. In kuna neman wanda za ku yi alfahari da shi a labarin nan, ku fara da ita.

Daminar nan da garmar hannu na yi ta. Gonar da nake huɗewa da shanu kafin rana ta take, sai in kwana nawa ina sunkuye a kanta. Hannuna ya yi kanta ya fashe ya sake yin wata, bayana kuwa har yau in hadari ya taso sai ya tuna mini. Nomau ya zo ya tsaya a bakin gona ya zage ni tas, ya ce ko ɗan da aka haifa jiya ya fi ni hankali, sannan washegari ya turo mini matansa da samarin gidansa suka yi mini gayya. Duk da haka rabin gonar masara ciyawa ta cinye, dawa kuma ta yi latti. Da kaka ta zo rumbunmu ko rabi bai kai ba, kuma kafin wata kakar sai da muka koma tuwo sau ɗaya a rana. Sanusi, in ka ji ana cewa ka yi rama kana yaye, wannan ne dalili, kuma ina neman afuwarka a kansa.

Ana cikin ɗaurin dawa Malam Sule ya aiko direba ya ce in je. Da ya buɗe tsumman da ya naɗe ta, sai da na ja da baya. Bututun baƙi wuluk suna sheƙi, wurin haɗin ko da farce ba ka jin sa. Ya rataya su ya ƙwanƙwasa, suka yi kuka har sai da maƙwabcinsa ya leƙo. Ya ce mai kaɗai za a riƙa shafa mata, kada ruwa, kada gishiri, fata kuwa ko a mafarki. Na karɓi tsofaffin da fatunsu da layar a cikin buhu, domin a al'adarmu ƙarfen da ya sha jinin nama ba a barinsa a hannun baƙo, binne shi ake yi a gindin tsamiya. Niyyata in miƙa wa Nomau buhun a ɗaure ya binne, magana ta mutu.

Abin da ban lissafa ba shi ne abin da na tarar washegari da hantsi. Baba na zaune a zaure, Tagwaye a kan cinyarsa yana shafawa, Nomau a gefensa, ga baduku ya baje kayan aikinsa, ga kuma ƙwarya cike da ruwan gishiri, sabuwar fatar maraƙi na jiƙe a ciki. Za a yi wa amare sutura. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ƙwaryar nan, na ga Ɗanfari da Goje da damina guda za su nutse a cikinta. In na hana, sai na faɗi dalili. In na yi shiru, tsatsa ta sake kama aikinta. Ban gama wannan tunani ba Baba ya juyo da fuska wajen da ya ji takuna.

"A ce wa wancan ina tsofaffin?"

"Suna ɗaki, Baba. Zan ba Baba Nomau ya binne."

"A kawo su. Hassana da Usaina ba za su shiga ƙasa ban sallame su ba."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ɗauko buhun na kwance bakinsa na ajiye a gabansa, na koma gefe na durƙusa. Ya zura hannu ya kamo ɗaya ya fara jawowa. Bakin bututun ya leƙo, ya bi shi da babban yatsa yana neman kumburi, ya ji shi sumul. Ya dakata. Sai na ga ya mayar da shi ciki a hankali, ya tura hannuwansa duka biyu cikin buhun, ya ci gaba da lalube a can inda ba mai gani. Ina kallon buhun yana motsi. Na san lokacin da ya kai ga ramukan, domin gemunsa ya ɗan yi rawa. Na san kuma lokacin da ya kai iyakar da fata ta tsaya, inda ƙarfen ya koma lafiyayye, domin nan hannunsa ya daɗe yana kai da komo. Ya zaro yatsa ya shinshina. Nomau na ta ba baduku labarin wani gadu da suka taɓa kashewa, bai lura da komai ba.

"Garba."

Rabon da in ji sunana a bakinsa tun farkon damina.

"Na'am, Baba."

"Taɓon nan ya yi ɓarna ƙwarai."

"Ya yi, Baba."

Ya tattara bakin buhun ya ɗaure da kansa, ƙulli a kan ƙulli, ya turo mini shi da ƙafa, ya ce ba za a binne ba, in ajiye a wurina. Sannan ya juya wajen baduku.

"Ɗauki fatarka ka yi wa yara takalma, ladanka na nan. Waɗannan 'yan zamani ne, ba su son riga."

"Haba Sarki," in ji Nomau, "tsirara za ka fita da ita gaban jama'a? Sabuwar layar fa?"

"A rataya mini ita a wuya. Ni ke bukatarta, ba ƙarfe ba."

Ranar buɗar dawa mutane sun taru fiye da kullum, domin kowa na son ganin bindigar da ta ci shanu biyu. Ni na riƙo hannun Baba har gindin tsamiya. Aka yi abin da aka saba, makaɗa suka yi masa kirari, su Barau na tsaye gefe guda suna 'yan ƙus-ƙus. Baba ya gyara tsayuwa, ya ɗaga Tagwaye sama, hannunsa na hagu daidai wurin da na daɗe ina tsoro, ya ja kunama. Hassana ta tashi, tsuntsaye suka watse daga kan tsamiya, hannunsa na nan lafiya da yatsunsa biyar. Na ce alhamdu lillahi a raina, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Kowa ya kasa kunne yana jiran ta biyu. Sai Baba ya sauke bindigar, ya ɗaga murya yadda na can baya ma zai ji.

"Ina Ci-taɓo?"

Aka fara dariya. Na matso kaina a sunkuye, na ɗauka yau zai ƙarasa ni a gaban duniya. Sai ya lalubo hannuna ya ɗora shi a kan ƙotar.

"Karɓi. Harba Usaina."

Dariyar ta ɗauke. Kowa ya san ma'anar wannan, wanda ya harba baki na biyu shi ne magaji. Barau ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, ba a taɓa yin haka ba. Kuma a rasa wanda za a ba sai wanda ya lalata ta?"

"Yau an yi," in ji Baba. "Ni kyauta aka ba ni ita, Barau. Shi kuwa saye ya yi, kuma ni kaɗai na san nawa ya biya."

Na ɗaga ta na harba, idona cike da ruwa har ban ga saman tsamiyar ba.

Haka muka ci gaba da buɗe daji, shi Hassana ni Usaina, har shekarar da ya rasu da sarautarsa a kansa, ba wanda ya taɓa yi masa dariya ko sau ɗaya. Ni da shi ba mu sake tayar da maganar ba. Shanu kuwa sai da na yi shekaru kafin na sake haɗa wasu, kuma ban sami kamar Goje ba. Yanzu daji ya lalace, ba mai shigarsa don farauta, an daina buɗar dawa, Tagwaye sai dai in shafa mata mai in sabunta takardarta. Barau ya rasu, Nomau ya rasu, duk wanda zai ji wannan labari ya raina kakanku ya riga mu gidan gaskiya, shi ya sa bakina ya buɗe. Buhun na nan a ƙarƙashin gadona da ƙullin da ya yi masa, ban taɓa kwancewa ba. Wanda ke shakka a cikinku ya kwance ya sa hannu.

Kai kuma Sanusi, in Ɗanlami ya sake kirana a taro, ka zauna inda kake ka bar ni in amsa. Da wannan suna ubana ya kira ni ranar da ya miƙo mini Usaina, kuma a duk sunayen da aka kira ni da su a duniya, har da Alhajin, ba wanda na biya da tsada kamarsa.